Ina Masallaci Lokacin da Ruwa Ya Zo

Edita, bayan sallama, ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Abin ya faru ne a shekarar da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Dubai. A lokacin aiki ya yi wuya, kusan kullum sai ka ji an sallami wani an soke masa biza. Ni direban motar sanyi ne a wani sito da ke Al Quoz, muna ɗauko ɗanyen kifi muna kai wa masu otal. Ina zaune a Hor Al Anz, mu shida a ɗaki guda, kuma ni nake jan su salla, don haka kowa Malam yake ce mini. Na yarda da wannan suna fiye da yadda ya kamata.

Abokin tuƙina wani Kirista ne ɗan Filato, mai yawan raha. Idan lokacin salla ya yi, kafin in yi magana ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce in sauka in yi mana roƙo, shi zai tsare taya. Wata rana aka tura mu kudancin Oman, wani ɗan ƙauyen masunta a bakin teku, tafiya mai nisa sosai. Ƙauyen ba otal, ba gidan abinci, sai kanti ɗaya mai sayar da shayi da burodi da igiya, sai wani ƙaramin masallaci fari. Bayan gidaje akwai kwakwa da ayaba. Shiru kake ji in ban da ƙarar ruwa, awaki na kwance a inuwar tsofaffin kwale-kwale. Mun isa da hantsi, masunta ba su dawo ba tukuna.

Daga inda titi ya ƙare zuwa inda ake sauke kifi akwai 'yar tazara, ni kuwa ina ƙyuyar ɗaukar kwanduna a ka. Na ga ruwan ya ja baya can nesa, ya bar fili shimfiɗe mai tauri kamar daɓen ɗaki. Na ce bari in gangara da motar can. Abokina ya ce a'a Malam, ya ji an ce ruwan nan tafiya yake ya dawo. Wani dattijo da ke zaune yana ɗinkin taru ya gane nufina, ya yi ta kaɗa hannu, ya ce mini da Larabci teku zai dawo bayan azahar. Na yi dariya. Na ce a bakin kogi aka haife ni, ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi sama, ga shi ko ɗigon hadari babu. Abokina ya ce wannan ba kogin garinmu ba ne, kakansa ne. Shi ya yi tuƙin ƙarshe, ya gaji, ya je ya kwanta a gindin kwakwa. Da na ga barci ya kwashe shi, na ɗauki makulli na kai motar kan yashin, na wuce masallaci.

Bayan an idar na tsaya hira da limamin, ina nuna masa littafin da nake rubuta al'amurana da ajami, yana mamaki. Ihun mutane ne ya fito da mu. Ruwa ya ci rabin taya, kuma zuwa yake yi. Na shiga na tayar da motar, ina ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Masunta da suka iso a lokacin suka bar kifinsu a cikin kwale-kwale, suka kawo igiyoyi da wata tsohuwar akori-kura, sai bayan la'asar aka ciro ta. Ruwan gishiri ya riga ya shiga inji da na'urar sanyi. Babu wanda ya yi mini gori. Dattijon nan ma shi ya kawo mana shinkafa da gasasshen kifi, ya sauke mu a gidansa kwana biyu har aka zo aka ja motar.

Da muka koma Dubai maigida ya tsayar da mu, ya tambayi wanda ya kai motar bakin ruwa. Takardar tafiya ta nuna abokina ne ya yi tuƙin ƙarshe. Shi kuwa ya ce a tambayi Malam, Malam ba ya ƙarya. Na tuna bizata, na tuna yarana da ke gida. Sai na ce ni dai ina masallaci lokacin da ruwa ya zo. Harshena bai faɗi ƙarya ba, amma na san abin da na aikata. Maigida ya ce khalas, wato shi ke nan, ya sallame shi. Abokina ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to Malam, Allah ya karɓi sallar.

A ranar na rubuta gaskiyar abin a littafina, da ajamin da babu mai iya karantawa a ɗakinmu, don kada zuciyata ta gyara labarin daga baya. Ban jima ba na daina jan salla, na ce musu maƙogwaro ne ke damuna. Duk sanda na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji maganar abokina.

A shekarar da Najeriya ta ci kofin ƙwallon Afirka, wani ɗan kasuwa mutumin Nijar ya gaya mini abokin nan nawa ya dawo Dubai, yana dakon kwalaye a Al Warsan, don labarin motar ya bi shi, babu mai ba shi tuƙi. Na fara zuwa wurin maigida na faɗa masa komai. Ya rubuta takardar wanke shi, ni kuma ya ce in ƙarasa wata in nemi wani wuri. Na sami abokina da rana yana jiɓi, na ba shi takardar, na roƙi gafara. Ya karanta ya ninke. Ya ce takarda ta yi, amma ba ita ce damuwarsa ba. A garinsu an baza cewa giya ya sha ya tura mota cikin teku, kuma matarsa, duk da ba ta taɓa furtawa ba, ya san ta yarda. Ya kira ta ya miƙo mini wayar. A tsaye tsakanin kwalaye na ba ta labarin tun daga ɗaukar makulli. Ta ce ta ji, in ba ta mijinta.

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu neman abinci a ƙasashen mutane. Idan ɗan gari ya gaya maka halin ƙasarsa, ka ji, ko da ya saɓa wa abin da ka sani a gida. Wanda ya fi wannan, kada ka ɓoye laifinka a bayan ibada. Motar an gyara ta cikin wata guda, amma sunan mutum shekara huɗu ya yi a lalace saboda jimla ɗaya tawa.

Abokina dai ya karɓi wayar ya koma gefe, suka yi magana mai tsawo da matarsa. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya ce Malam, khalas, ya yafe, mu je in saya masa shayi. Muna tafe ya tambaye ni ko har yanzu kogin garinmu sai an yi sama yake cika.