Takardar Hutun da Ban Kai Ba

Ina cikin cunkoson motoci a Tungan Maje ranar Litinin da safe Alhaji, mijin Rabi, ya kira ni. “Hajiya Talatu, Rabi ta cika.” Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kife kaina a sitiyari, kuma Allah ya sani, abin da ya fara faɗo mini a rai wata 'yar takarda ce ruwan ɗorawa.

Shekara goma sha biyu muna ofis ɗaya da Hajiya Rabi a sashen tsare-tsaren ma'aikatarmu. Mace ce da ko sunan jika sai ta yi masa jadawali. Ta yi bautar ƙasa a Gembu, tsaunin Mambila bai taɓa fita daga ranta ba. In aiki ya lafa takan lumshe ido ta ba ni labarin gonakin shayi, da gajimaren da ke kwanciya a ƙasa da ƙafar mutum, har in ji sanyin wurin a jikina. Ta ce sai ta kai ni na gani.

Sai ta ɗauki tafiyar kamar aikin gwamnati. Ta manna kwali a bangon ofishinmu, ta raba shi gida uku: za a yi, ana yi, an gama. Kowane aiki da 'yar takardarsa ruwan ɗorawa, da ranarsa, da sunan mai shi. Takan ce, “Aikin da ba shi da mai shi, ba shi da ranar gamawa.” Direba, masauki, rigunan sanyi, duk suka koma gidan an gama. Ni aiki ɗaya tal ta ba ni, in nemi hutun mako biyu.

Shekara uku takardata ba ta motsa ba. Kullum ina cewa, “Bari mu gama aikin wata ukun nan, kin san oga.” Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce, “To madam, na matsar da rana.”

Bayan addu'ar uku na ciro kwalin. A bayansa ta jera abubuwan da ka iya kawo cikas, kowanne da maganinsa. Ruwan sama, a jira rani. Lalacewar mota, a tafi da makaniki. A ƙarshe ta rubuta: “Talatu. Magani: haƙuri, za ta zo.”

Washegari na kai takardar hutun. Oga ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na fito na zauna a matakala na yi kukan da ban yi a gidan makoki ba.

Zan hau tsaunin nan, Rabi, ki yafe mini. Ya Allah ka jiƙanta, ka haskaka kabarinta, ka saukar da ita a lambun da ya fi wanda take ba ni labari. Ka ba Alhaji da 'ya'yanta haƙurin rashinta, irin haƙurin da ta yi da ni. Amin.