Baƙin Allon Anti Kar-a-taɓa

A ofishinmu babu wanda ke kiranta da sunanta. Anti Kar-a-taɓa muke ce mata, don kofinta, kujerarta, har labulen taga, duk abin da hannunka ya nufa sai ka ji, "Kar a taɓa." Ɗaki ɗaya muke zaune da ita, tebur na kallon tebur, kuma Allah ya sani na sha haƙuri.

Aikinmu tattara alƙaluman ruwan sama da amfanin gona ne. Mu yaran yanzu mun saba da manhajoji masu maɓallai da launuka. Ita kuwa baƙin allo take buɗewa a kwamfutarta, ta kunna manhajar lissafi a ciki, ta rubuta umarni layi-layi, amsa ta fito a ƙasa. Ta ce sauran duk kwalliya ce. Rahoton ƙarshen shekara a hannunta yake tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Bana ne allon ya fara yi mata iskanci. In ta rubuta dogon umarni ta koma baya don ta gyara, sai haruffa su hau kan juna. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa, wanda ke nuna inda kake rubutu, sai ya yi tsalle ya koma layin sama. Jadawalin amsa kuwa ya kakkarye, alƙaluman wannan gari su faɗa ƙarƙashin sunan wancan.

Ta sa aka kira mai gyaran kwamfutocin ofis. Ya canza waya, ya canza allo, ya goge manhajar ya sake saka ta. Ya rufe komai, ya buɗe da kansa, ya rubuta layi mai tsawo. Lafiya lau.

"Anti, ni fa ban ga komai ba," in ji shi.

"Ka duba da kyau, ɗan nan."

"Wallahi tsaf yake. Ko dai gajiya ce?"

Daga ranar ba ta ƙara yin ƙorafi kan allon ba. Sai ta juya allonta ya kalli bango, ta sauke mana sauran fushin. Na yi tari, laifi. Na buɗe taga, haske ya yi yawa. Na rufe, ina so in kashe ta da duhu. Aikin da take gamawa kafin shayi ya huce ya koma na yini guda. Har shugaban sashe ya leƙo ya ce in rahoton bai fito ba a makon nan, ni zai ba. Ban so ba, amma na ji haushinta ƙwarai, don na ɗauka taurin kai ne kawai. Mutum ya maƙale, ga mu kusa, ya ƙi buɗe baki.

Wata safiya biro na ya gangara ƙarƙashin teburinta. Na zagaya in ɗauka, idona ya faɗa kan allon. Haruffa ne manya-manya, sun cakuɗe kamar an kifar da kwandon wake.

"Kai, Anti! Wannan allon naki ai ya haukace."

Na jira in ji "Kar a taɓa." Sai ta juyo a hankali, ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Ke ma kin gani?"

"Ga shi nan kuwa. Layi ya hau layi."

"Rantse."

Na rantse. Sai matar nan da ban taɓa ganin ta yi ko da ajiyar zuciya ba ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka. Da ta ɗago ta ce haka mahaifiyarta ta fara, abu ɗaya ta riƙa ganinsa biyu, kafin shekara ta zagayo sai an ja ta zuwa banɗaki. Tun da mai gyara ya ce bai ga komai ba, ta yanke cewa idonta ne. Har ta fara shirya yadda za ta ajiye aikin ba tare da an ji dalili ba.

Tausayi ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Na ce ta rufe komai ta sake buɗewa yadda take yi kullum. Ta buɗe baƙin allon, ta kunna manhajar. Ta ɗan saci kallona, sannan ta danna maɓallin ƙara girman rubutu, ta sake dannawa, ta sake.

Nan gizo ke saƙa. Manhajar tana auna faɗin allo ne a lokacin da aka kunna ta. Da rubutu ya ƙara girma, layin ya gajarta, ita kuwa tana nan da tsohon awonta, tana zuba haruffa inda babu wuri. Mai gyara bai taɓa ƙara girman ba, shi ya sa bai gani ba. Na ce ta fara ƙara girman tukuna, sannan ta kunna. Ta gwada. Jadawali ya fito a jere, kowane gari da alƙalumansa.

"Shi ke nan? Wannan ɗan abin ne ya hana ni barci?"

"Shi ke nan na allo," na ce. "Amma Anti, me ya sa kike ƙara girman?"

Ta harare ni. Sannan ta ɗauki jakarta.

"Tashi ki raka ni. In kika gaya wa kowa, ni da ke ne."

Likitan ido ya duba ya ce babu wani ciwo, shekaru ne kawai, tabarau take buƙata. Rahoton ya fito a kan lokaci, da sunanta a kai. Ranar da ta fara zuwa da tabarau, ta juya allon ya bar kallon bango, ta zauna ta ƙura mini ido ta saman teburin har na tsargu.

"Ƙanwata," ta ce, "yaushe kika yi furfura ban sani ba?"