Baba Falalu, Mai Gyaran Karnukan da Mutane Suka Lalata

Kullum da an sallame sallar Asuba, kafin mutane su gama gaisawa a ƙofar dagaci, Baba Falalu ya riga ya zame ya koma gida. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyensu, gabas da Gwiwa, inda burtali ya bi ta gindin dutse. Yakan cire rigar sallarsa ya rataye a ɗaki, ya sa wata tsohuwar taguwa da ta sha faci, ya ɗauki kaskon dusa da ƙanzo da matarsa Tasalla ta jiƙa, ya zagaya bayan danga. A can akwai turaku a jere, kowane turke da karensa. Ba karnukan kirki ake kawo masa ba. Wanda ya ciji yaro, da wanda ya koyi cin 'yan tumaki, da wanda aka daka har ya zama ko inuwar mutum ya gani sai ya tasar mata, su ne baƙinsa.

Sai ya ajiye kasko, ya ja da baya, ya zauna a kan dutse ya ba kare gefen jikinsa. Ba ya kallonsa cikin ido, ba ya tsawa, kuma ba a taɓa ganin sanda a hannunsa a wurin nan ba. Yau a nan zai zauna, gobe ya matso taku ɗaya, jibi ya ƙara ɗaya. Wani karen sai ya kwana ashirin kafin ya yarda ya ci abinci mutum na zaune kusa. Haka ya yi shekara talatin da 'yan kai.

Ni malamin dabbobi ne. Aikina bin rugage ina yi wa shanu allura tsakanin Kazaure da Roni da Babura, kuma shekarata goma sha huɗu da sanin wannan bawan Allah. Bana, 1957, ya gaya mini ya ajiye aikin, don ido ya yi rauni, gwiwoyi kuma ba sa ɗaukarsa. Na zuba ido in ga wa zai je ya yi masa ban gajiya. Wata uku ke nan, ban ga kowa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A rugar Ardo Daudu na fara jin labarinsa. Ardo yana da wata karya mai tsaron garke da ta koma kashe 'yan tumakin da aka ba ta amana, ta kashe shida a damina ɗaya. Har an ɗaura mata igiya za a rataye ta, Falalu ya roƙa a ba shi ita. Ya ɗaure ta nesa da wata tsohuwar tunkiya, kullum yana rage nisan, kuma ba ya ba ta abinci sai lokacin da ta kalli tunkiyar ta kau da kai. Bayan wata biyu ya mayar da ita. Ardo ya rantse mini da bakinsa, har karyar ta tsufa ta mutu ba ta sake taɓa ko akuyar maƙwabci ba.

Da na tambayi Falalu asirin da yake amfani da shi, dariya ya yi.

"Malam, wane asiri? Kare ba ya kwana lafiya ya tashi mugu. Ka bincika, za ka tarar ko yunwa ce, ko tsoro, ko hannun wani ne ya yi masa yawa. Ni nema nake in gane wanne ne, sannan in jira."

Jiran nan shi ne abin da mu sauran ba mu da shi.

Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, wani Bature mai awon hanya ya sauka a bariki da wani baƙin kare kamar ɗan maraƙi. Leburori suna kiransa Dodo. A sarƙa yake wuni cikin rana, kuma kukun gidan yana zane shi da bulala kowace safiya, wai maigida ya ce haka ne zai sa ya yi zafi ya tsare kaya. Ya kuwa yi zafin. Ran nan sarƙa ta tsinke daidai lokacin da wata mai tallar nono, Dela, ta sauke ƙwarya a bakin ƙofa. Ya kama ta a hannun dama, har yau yatsunta uku ba sa lanƙwasuwa. Ba wanda ya je duba ta daga barikin. Abin da ya dami Baturen shi ne karen ya fara yi masa gurnani shi ma. Sai aka aika wa Falalu.

Wata huɗu karen ya yi a bayan dangarsa. Na gan shi a makon farko, wuyansa duk gyambo ne saboda sarƙa, da ya ji motsin igiya sai ya hau ɓari yana yage haƙora. Falalu ya fara da cire sarƙar. Ya nemo bulala ya yar da ita a ƙasa nesa da kasko, ta yi kwanaki a nan ba wanda ya taɓa ta, har karen ya saba yana tsallake ta ya je ya ci abinci. Daga baya ya riƙa jan sa da doguwar igiya zuwa bakin rijiya, inda mata suke wucewa da tuluna, su tsaya daga nesa, gobe su ƙara matsowa. A wata na huɗu na tarar da Dodo kwance a inuwar rumbu, kaji suna kiwo a gaban hancinsa.

Ina wurin ranar da aka mayar da shi. Baturen ya buga ƙafa a ƙasa, kare bai motsa ba. Ya sa lebura ya wuce da gudu, kare ya bi shi da ido kawai. Sai fuskar Baturen ta yi ja, ya juya ga tafinta yana faɗa.

Tafinta ya ce, "Maigida ya ce kare ya ba ka, ka dawo masa da tunkiya."

Falalu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, zai yi haushi idan baƙo ya taɓa kaya, na gwada shi. Cizo ne kawai ya daina. Amma ina roƙon arziki, a daina dukansa. In aka koma, shi ma zai koma."

Tafinta bai ma fassara ƙarshen maganar ba. Aka sallami Falalu a tsaye, ba na gode, ba ruwan sha. Kafin mu fita daga harabar na ji ƙarar sarƙa.

Da aikin hanya ya ƙare, Baturen ya hau mota ya tafi, ya bar karen ɗaure a gindin maɗaci. Kwana uku ba mai iya zuwa kusa da shi, don an mayar da shi yadda yake da, har ya fi. Falalu ya ji labari ya tako da ƙafa tun daga ƙauyensu. Waɗanda suka gani sun ce ya zauna a ƙasa, ya kira shi sau biyu a hankali, karen ya ja ciki ya zo ya ɗora kai a cinyarsa. Ya kwance shi suka tafi gida, ya sake aikin daga farko.

Kai ne, Baba Falalu, ka gyara abin da mai iko ya ɓata, ya sake ɓatawa ka sake gyarawa, ba ka taɓa ɗaga murya ba. Na Tasalla, mai kwantar da gurnani. Me muka saka maka da shi? Mun sa maka suna Maikarnai, muna faɗa muna toshe hanci. Kai da kake wanka ka canja riga kafin kowace salla, na ga mutum ya janye kafaɗarsa daga taka a sahu. Na ga an miƙo maka ruwa a gidan suna cikin fasasshiyar moɗa, an ajiye a ƙasa don kada hannu ya haɗu.

Shekara uku bayan haka, mahaukacin kare ya shigo kasuwa ran cinta. Ba na garin ba ne, ba wanda ya san daga inda ya fito. Ya ciji awaki biyu, ya ciji Mamuda mai gyaɗa a ƙafa, wanda bai kai wata biyu ba Allah ya yi masa rasuwa. Maza suka watse, wasu suka hau rumfa. Falalu ne kaɗai ya tsaya. Ya zare gwafar wata rumfa, ya tare karen, ya danne wuyansa a ƙasa, ya gama da shi da gatari. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi, ya hana yara zuwa kusa.

Bayan mako guda takarda ta zo daga sama: a kashe duk wani kare da ke yankin. Ni aka haɗa da 'yan doka biyu da maharbi, don ni ne malamin dabbobi. Mutanen gari kuwa, waɗanda suka hau rumfa ran kasuwa, su ne suka riƙa nuna mana hanya. "Ku fara da gidan Maikarnai, can ne matattararsu."

Karnuka tara muka tarar a turakunsa, har da Dodo.

Falalu ya ce wa babban ɗan dokan, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba su fita daga dangar nan ba tun kafin abin ya faru. A bar mini su a ɗaure kwana arba'in. In ɗaya ya ƙi ruwa, ko ya fara dalala, da hannuna zan kashe su duka."

Ɗan doka ya ce, "Baba, takarda ba ta ce a jira ba."

Sai Falalu ya juyo ya dube ni. "Malam, kai ka san aikin dabba. Gaya musu."

Na san gaskiya ya faɗa. Da na ce a jira in rubuta wa na gaba da ni, watakila da an jira. Amma na tuna wanda ya sa hannu a takardar, na tuna aikina, na sunkuyar da kai ina gyara jakar allura. Ban ce komai ba. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, alfarma ɗaya. Kada a harbe su suna gudu a kan turke. Ni zan riƙe su."

Haka aka yi. Ya riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya kai bayan dutse, ya zauna ya shafa kan kowanne yana yi masa magana har ya kwanta, sannan ya ja hannunsa ya ɗaga wa maharbi kai. Kowanne ya bi shi yana kaɗa wutsiya, don shi ne ya koya musu cewa mutum ba abin tsoro ba ne. Dodo ne na ƙarshe. Tasalla tana cikin gida, ta toshe kunnuwa da zane. Da aka gama, shi kaɗai ya binne su. Na miƙa hannu zan karɓi fartanya, ya ce, "Bari, Malam, kada ka ɓata rigarka."

Ba a yi wata shida ba kura ta gane garin ba mai haushi. Ta riƙa shiga har cikin gidaje tana ɗaukar awaki, ta ɗauke ɗan jakin dagaci. Nan da nan kowa ya nemo kwikwiyo daga ƙauyukan Babura, aka ɗaure su, aka hana su abinci, aka dake su don su yi zafi. Kafin shekara ta zagayo, ga su nan a ƙofar Falalu, mutanen da suka nuna mana gidansa, kowa da igiya a hannu: "Baba, ya ciji ɗiyata, a taimaka." Tasalla ta tsaya a bakin zaure ta ce wallahi ba mai shigo mata da kare gida kuma. Shi ya fito ya ce, "Tasalla, su karnukan me suka yi mana?" Ya karɓa. Ya ƙara shekara biyar yana yi, har idonsa ya gaza.

Kai ne ka tsare 'ya'yan waɗanda ba sa gaisawa da kai. Yara nawa ne suke yawo yau da fuskarsu lafiya, ba tabo, don ka zauna a rana kana jiran kare ya huce? Ba wanda ya ƙirga, ba kuma wanda zai naɗa maka rawani. Ni dai na gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba idonka sauƙi, Ya yafe mana.

Ku kuma masu karatu, wanda yake da kare a gida, ya sani amana ce Allah zai tambaye shi. Ya ajiye bulala, ya ba shi ruwa da inuwa. Makiyaya da mafarauta, mutumin nan yana nan da rai, bakinsa da hankalinsa garau, ku je ku zauna ku koya tun yana iya faɗa. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta wajen Gwiwa, ya ratse ya gaishe shi, ya miƙa masa hannu yadda ake miƙa wa kowane dattijo.

Makon jiya na je na gaya masa zan rubuta labarinsa, na kuma roƙe shi gafarar shirun da na yi. Ya ce wannan ya wuce tuntuni. Har na miƙe zan tafi, ya laluba ya kama bakin rigata.

"Malam, in za ka rubuta, ka sa cewa su tara ne, kuma babu mahaukaci a cikinsu ko ɗaya."

Na sa, Baba. Su tara ne, kuma lafiyarsu ƙalau.