Hotunan da Aka Cire Sunana

Shekara guda cur na yi ina neman hoto ɗaya. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, a wata jami'a mai nisa da garinmu Bagudo. Aikina a kan makarɓan adirenalin ne, wato 'yan ƙananan sinadaran da ke zama a fatar ƙwayar halitta suna karɓar saƙon da ke matse jijiyar jini. Akwai wani iri daga cikinsu, alfa D, wanda idan shi kaɗai ne sai ya maƙale can cikin ƙwayar, ba ya fitowa. Idan aka haɗa shi da ɗan'uwansa alfa B, sai su manne, su fito fata tare. Masana sun riga sun san haka. Abin da aka ɗora mini shi ne in nuna shi ƙuru-ƙuru a ɗakin bincikenmu, don a samu abin gina wasu ayyuka a kai.

Na shafa wa kowane makarɓi launinsa mai ƙyalli. Ƙwayoyin suka yi ta mutuwa, in an ɗauke wuta ko in ƙura ta shiga. Ranar da na leƙa madubin ganin ƙananan halittu na ga zobe mai haske ya kewaye ƙwayar, na san na samu hoton da nake nema.

Akwai wani babban ɗalibi mai karatun digiri na uku da aka ce ya riƙa duba aikina. Ya karɓi hotunan, wai zai gyara haskensu. Bayan wata biyu na gan su a takardar da ya kai taro, da sunansa da na malaminmu, babu nawa. Da na yi magana, ya gaya wa malamin cewa shi ya sake aikin tun daga tushe, domin ni ba ni da tsafta a hannu. Aka yarda da shi. Aka sauya mini batu, na ƙara shekara ɗaya kafin in gama.

Na dawo gida na kama koyarwa a wata makarantar kiwon lafiya. Littafin aikina, mai kwanan wata a kowane shafi, na sa shi a ƙasan akwatin zannuwana. Inna takan ce in bar shi da Allah. Nakan ce to, amma ban taɓa bari ba.

Bayan shekaru, shugaban makarantarmu ya sanar cewa wata tawaga za ta wuce Illo gwajin hawan jini, kuma za su yada zango wurinmu. Na ga sunan jagoransu, ashe babban ɗalibin nan ne, ya zama Dakta. Ni da bakina na ba shugaba shawara a roƙe shi ya yi wa ɗalibai lacca a kan aikinsa da ya yi suna. Shugaba har ya gode mini.

Daren jajiberen zuwansu ban ɓata shi da tunani ba, na riga na gama shiri tun mako biyu. Da safe Inna ta ga na ɗauko littafin.

"Mi za ki yi da wanga tsohon abu?" in ji ta.

Na ce koyarwa zan yi da shi.

Zauren ya cika, har da ma'aikatan asibiti da suka zo daga Lafagu. Bai gane ni ba, ina can baya cikin hijabi. Ya haska hotunana a bango, ya ba da labarin wahalar da ya sha. Na bar shi ya gama, aka tafa, sannan na ɗaga hannu. Na tambaye shi, cikin ladabi, wane makarɓi ne kore, wanne ne ja. Ya ce kore shi ne alfa B, kamar yadda ya rubuta. Na ce to me ya sa a hoton farko, wanda ya ce alfa D ne shi kaɗai, abin da ya taru a ciki kore ne? Ya juya ya dubi bango. Ya daɗe yana dubawa. Shekara da shekaru yana nuna hoton, bai taɓa lura ya juya launukan ba.

Na tafi gaba, na buɗe littafin a kan teburi, na nuna masa shafin da na rubuta launin kowanne da ranar da na yi.

"Dakta, ni na shafa su. Shi ya sa na sani."

A nan ya gane ni. Ya soma cewa ai aikin haɗin gwiwa ne. Na koma kujerata. Wani daga cikin tawagarsa ya sunkuyar da kai.

Shugaba ya yi fushi da ni, ya ce na kunyata baƙo. Na ba shi haƙuri, kuma a makon na aika kwafin littafin zuwa jami'a. An ɗau watanni kafin a amsa, aka ce an gyara takardar, an sa sunana na biyu. Dakta kuwa ya kira ni sau uku. A na ukun na ɗauka, ya ce in yafe masa don zumunci. Na ce zan yi tunani. Har yau ina kan tunanin, kuma ba na sauri.