Shawarar Da Ta Raba Baba Ladan Da Agogonsa

Wata Laraba ce bayan sallar La'asar, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ana tsakiyar cirar gyaɗa, na durƙusa gaban Baba Ladan a inuwar dalbejiyar masallacin unguwarmu a Bilbis, na ce na zo neman shawara. Dattawa suna zaune a kan tabarmi, wasu na jan carbi, wasu na ɓarar ɗanyar gyaɗa suna hirar farashin taki. Ƙafafuna furu-furu da ƙasar gona, rigata ta yage a kafaɗa, amma a raina ji nake wani babban mutum ne ya zo ganin ɗan'uwansa babban mutum, domin ni Lawali agogo zan saya.

Abin da ya jawo haka shi ne hedimasta ya naɗa ni mai buga ƙararrawa. Ƙararrawar tamu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen tsamiya, kuma kafin in buga ta sai na ruga ofis na leƙa agogon bango ta taga, in dawo ina haki, yara na yi mini dariya. A daminar nan kuwa babana ya yankar mini 'yar gayauna a gefen gonarsa, na shuka gyaɗa, ta yi kyau. Na kuma taɓa bin sa kasuwar Tsafe, na ga wani mutum da faranti cike da tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda ake yi wa wani, wato a murɗa musu ɗan maɓalli da yatsa, ba na roba masu batir da ruwan farko ke kashewa ba. Tun daga ranar na daina ganin gyaɗa a gayaunata, agogo nake gani. Da na gaya wa kakata Inna, sai ta ce kada in kuskura in sayi tsohon abu ban tambayi wanda ya san shi ba. A duk unguwar kuwa mutum ɗaya ke da irin wannan agogo, shi ne Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla, wanda yayansa ya kawo masa shi tsaraba daga Makka tun ba a haife ni ba.

Baba Ladan bai raina ni ba. Ya miƙo mini hannunsa ya ce in kara kunne in ji yadda lafiyayyen agogo ke bugawa, ba ya tsalle, ba ya jan ƙafa. Ya ce in duba ƙarƙashin gilashin, in na ga hazo to ruwa ya taɓa shiga, in bar shi. Ya ce idan ina yi masa wani, da zarar na ji ya cije in tsaya, kada in nuna masa ƙarfi. Ya ce kuma kada in biya sai na gwada shi da rediyo. Da nan na tsaya na yi godiya na tashi, da shi ke nan. Amma ban saki hannun tsohon ba. Na yi ta shafa fuskar agogon da ta yi ruwan ƙwai don tsufa, bakina ya kufce, na ce da ƙarfi, “Wallahi Baba irin naka nake so, ko barci nake shi nake gani.”

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Na ga dattawa sun dubi juna, wani ya yi gyaran murya. Baba Ladan ya ɓalle agogon, ya kama hannuna ya sa mini. “Amshi, ɗana. Tunda ranka na so nai, ya zan naka.” Inda agogon ya tashi a wuyan hannunsa fatar ta yi fari kamar an ɗaura zare. Ni kuwa sakarai na zuba godiya, na kwasa da gudu gida ina riƙe da agogon don kada ya zame.

Labari ya riga ni isa. Babana bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, “Mi na hana maka a gidan ga, da za ka tai ka yi roƙo gaban mutane?” Na rantse shawara na je nema. A ranar na koyi abin da kowa ya sani ban da ni: a wurinmu idan yaro ya riƙe abin babba yana yabo a bainar jama'a, to ya roƙa, kuma dattijo mai mutunci ba ya iya hanawa. Na ce to bari in mayar. Babana ya ce wannan ya fi na farko muni, domin mayar da kyauta kamar ce wa mutum ne don ganin ido ya yi ta.

Kunyar da na sha a watannin nan ba ta faɗuwa. Babana ya daina zaman inuwar dalbejiya, da an sallame sai ya ɗauki takalmansa ya wuce. A filin langa aka sa mini suna Lawali Mai Shawara. In na je rijiya ɗiban ruwa, matan unguwa su ce wa juna, “Ku ɓoye gugayenku, ga shi nan tahe neman shawara.” Ban taɓa ɗaura agogon zuwa makaranta ba, na tura shi cikin kwallar Inna, na ci gaba da rugawa tagar ofis kamar dā. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin Baba Ladan ya koma auna inuwarsa da tafin ƙafa a ƙofar masallaci. Ran da hadari ya rufe rana kuwa sai dai ya yi kirdado. Wata rana ya makara da kiran Azahar, na ji wani mai shago yana mita cewa ladan ya tsufa, a nemo yaro. Na koma gida na kwanta rub da ciki, ina jin agogon na bugawa cikin kwalla.

Inna ce ta cece ni. Ta ce, “Ba a maida kyauta, amma ba wanda ya hana ka kai mai lokaci.” Daga ranar, da Azahar ko La'asar ta gabato, ko ina tsakiyar ƙwallo, ko ina yankan ciyawar awaki, sai in saki in ruga gida in duba agogon, sannan in je in tsaya a gefen ƙofar masallaci, in sunkuyar da kai in ce, “Baba, lokaci ya yi.” Shi kuma ya ce, “Madalla da mai agogo,” ya shiga ya kira salla. Bai taɓa cewa in daina ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. A hankali babana ya koma zaman inuwa.

Da na ci makarantar kwana a Bungudu, Inna ta sake kitsa mini wata dabara. Na je sallama, na ajiye agogon a gaban Baba Ladan na ce a makaranta ana sata, ya taimaka ya ajiye mini. Ya daɗe yana kallona, ya yi murmushi, ya ɗaura abinsa. Na tafi ina jin na sauke dutse. Amma sai na riƙa jin labari cewa duk wanda ya tambaye shi lokaci sai ya ce, “Bari in duba agogon Lawali.” Ina aiki a Gusau ya rasu. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya zo har gidana da wani ƙulli a tsumma, ya ce tsoho ya bar wasiyya cewa wannan ajiya ce, kada a sa ta cikin gado. Na karɓa ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Yanzu masallacin unguwar tamu akwai agogon lantarki a bango da ke nuna lokacin kowace salla, ba mai auna inuwa. Kwanan baya ɗana ya nuno mini hotunan tsofaffin agoguna a wayarsa, ya ce zai sayi ɗaya, yana ta neman shawara wurin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ba za su cire komai daga hannunsu su ba shi ba. Na gaya masa ya kara kunne, ya duba hazo, ya tsaya in ya ji ya cije. Sai na ɗauko ƙullin na nuna masa, agogon na bugawa, don kowace safiya ina yi masa wani ko da yake ban ƙara ɗaura shi ba. Ya tambaye ni na wane ne. Na ce na Baba Ladan ne, ajiya ya ba ni.