Kwanson Igwa a Gaban Mota

La Courneuve

Na fito tun ba a kira assalatu ba, maigidana Malam Isufu na biye da ni da silifas har bakin lif.

"Rabi, ke da hijabi, takardar zamanki na hannun hukuma, za ki ɗauko harsashi daga Lyon? Wanga hauka ne."

"Kwanso ne, Malam, fanko."

"Ki faɗa ma jandarma haka nan!"

Na daɗe ina tara kwansunan ƙananan harsasan igwa na Yaƙin Duniya na Farko, waɗanda sojoji suka yi wa zane a ramukan yaƙi. Kakan babana yana cikin waɗanda aka kwasa daga Damagaram, ko hularsa ba ta dawo ba. Sai ga hoto daga wata Hajiya a Lyon: kwanson tagulla mai zanen dagi, irin na ƙirjin rigunanmu. Wa zai tsayar da ni?

A Porte de la Chapelle, a bakin Paris, na shiga motar Buba, mutumin Garwa mai jigilar kaya. Biredi da shayin fulas muka karya da su a hanya.

La Guillotière

Bayan azahar muka isa Lyon. Hajiya Falmata, 'yar Cadi mai shagon turare, ta ja gaisuwa har ta tambayi kajin da ba ni da su, sannan ta nuna min kan kantar shagon. Kwanson na can yana hayaƙi. Ashe kaskon turare ta mai da shi!

Idan ba a taɓa harba shi ba fa? Na juye garwashin, na duba gindinsa. Alhamdulillahi, ɗan ramin da allurar igwa ta buga yana nan, an riga an harba shi. Bakinsa milimita talatin da bakwai, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba. Dagin ya ɗan karkace, da ganin sa da ƙusa aka zana. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

"'Yata, tafi da shi," in ji Hajiya. "Amma kar ki bar shi da sanyi, ya saba da wuta." A ɗakinta na kwana, bayan tuwo da miyar kuɓewa.

Hanyar dawowa

Muna dosar wurin biyan kuɗin hanya, Buba ya hango 'yan duwan, wato kwastam.

"Hajiya Rabi, don Allah tura shi ƙarƙashin tayar safaya!"

"Ba sato shi na yi ba."

Na ɗora shi a gaban mota, inda kowa zai gani. Aka tsayar da mu. Jami'in ya ɗauka, ya dube ni, ya dubi hijabina, ya tambayi mene ne wannan. Na nuna masa gindin kwanson, na nuna masa dagin. Na ce wani namu ne ya zana shi yana yi wa ƙasar nan yaƙi, kuma yau gida zan kai shi. Ya leƙa ciki, ya shinshina, ya daɗe da takarduna na wucin gadi a hannu. Sannan ya miƙo min duka. Muka kama hanyar Paris.

Gida

Malam ya karɓi kwanson, ya shafa dagin da babban yatsa. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Falmata da Buba.

Ranar Juma'a na fito daga kicin na tarar ya sa garwashi a ciki, ya baza babbar rigarsa a kai tana shan turare.