Rawanin Baba da Fadamar da Aka Ƙwace

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bello, wanda ya yi maigari a ƙauyenmu da ke bayan Horo Birni. Mutane suna cewa ciwon zuciya ya kashe shi. Ni na san wanda ya sa masa ciwon.

Baba mutum ne mai son labaran mazan jiya. In ya zauna a zaure yakan ba mu labarin jarumawan da maroƙa suke wa kirari: shugaba shi ne a gaba ranar yaƙi, shi ne na ƙarshe wajen shan ruwa, in an kori jama'arsa ba ya kwana a gida. Bai ɗauke su hira ba. Haka ya riƙe garinsa.

Sai wani Alhaji mai ƙafa a siyasa ya ga fadamar da garinmu ke noman albasa da rani, ya ce yana so. Baba ya ce masa, “Alhaji, hwadamag ga ba tawa ta ba, balle in ba ka. Marayu na ci cikinta.” Ba a yi wata ba aka laƙa masa sharrin ɓoye ɓarayin shanu. A gaban mutanensa aka warware masa rawani, aka tafi da shi aka tsare. Ya dawo daga tsare ba ya iya haɗa ido da kowa, kafin kaka muka binne shi. Fadama kuwa aka zagaye ta da waya.

Bara na je ɗaurin aure Bodinga, na ji maroƙa suna zuba wa Alhajin nan kirarin da Baba ke faɗa mana na mazan jiya, wai garkuwar talakawa. Yana cikin mota mai baƙin gilashi, 'yan banga a gaba, 'yan banga a baya. Da Baba ya gani me zai ce? Ina jin zai tambaya ne kawai: wanda ake karewa daga jama'arsa, wa yake karewa? Da, sai mutum ya tsaya wa mutane ake kiransa jarumi. Yanzu sai ya taka su.

Kwanan baya ciwo ya kwantar da Alhaji, ya aiko a nema masa gafara. Inna ta saurari ɗan aike har ya gama, ta ce, “Ka san hanyar maƙabarta? Can mai haƙƙin yake. Ya tai da kainai ya roƙe shi.”

Baba bai bar gidan siminti ba. Abin da ya bari shi ne har yau babu ɗan garinmu da ya taɓa yin ƙwadago a gonar da Alhaji ya yi a fadamar nan, ko a shekarar da gero ya ƙi. Daga nesa ake ɗauko masu aiki.

Malamai sun ce mini yafiya ta fi. Na ji, ban musa ba. Amma ni ban yafe ba, kuma ba na yi wa Alhaji fatan mutuwa da wuri. Allah Ya ja kwanansa, ya ga ranar da maroƙa za su wuce ƙofarsa ba su tsaya ba.